Santimita Biyar a Saman Gajimare

Garinmu Iquitos ba shi da hanyar mota.
Mai son fita, ko ya bi kogi kwana da kwanaki,
ko ya ba wa sama amanar kansa na awa biyu.
Ni kuwa Litinin ake jirana a Lima,
Nélida, autarmu, za ta karɓi shaidar digiri,
wadda na biya da keken ɗinki shekara biyar.

Ranar Alhamis likita Tapullima
ta shafa mini mai sanyi a mara,
ta juyo da allon na'ura wajena.
Ga shi nan, baƙi wuluk, ya yi lamo
a jikin ma'ajiyar ƙwai ta hagu:
ƙullin ruwa, santimita biyar,
girman ɗan aguaje na kasuwar Belén.

Na ce, zai fashe in mun yi sama?
Ta cire tabarau, ta goge da gefen riga.
Ta ce, iska ce ke kumbura a can, Yesenia,
naki ruwa ne, ba ruwansa da tsayi.
Ni ba jirgi nake tsoro ba,
murɗewa nake tsoro,
ita kuwa ko a kan gadonki tana iya samunki.
In ciwo ya soke ki farat ɗaya,
in amai ya biyo baya, ko jiri, ko zazzaɓi,
kada ki yi kara,
kada ki ce bari mu sauka tukuna.
Ta rubuta takarda, ta buga hatimi,
na ninke ta huɗu na soke a ƙirji.

Kujera ta goma sha bakwai, gefen hanya.
Na ɗaura ɗamara ƙasa-ƙasa, sakwa-sakwa,
kamar mai goyon abin da ba ta raɗa wa suna ba.
Jirgi ya zabura.
Daji ya koma shimfiɗar ganye,
kogi ya koma zaren da ya faɗo daga allura.

Sai idona ya kai kan ledar soyayyiyar ayaba
da na saya a ƙofar shiga.
Ta kumbura tam, ta yi ƙirtsitsi,
saura ƙiris ta tsage.
Gabana ya yanke ya faɗi.
Na dafa mara. Na daina numfashi.

Kusa da ita gorar ruwana ce.
Ruwan yana nan inda na bar shi,
daidai kan jan layin takardar,
ko gezau.
Na dube su su biyu, na dube su,
har na ji dariya tana taso mini.

Dattijon da ke gefena bai taɓa hawa jirgi ba.
Sunansa Eleodoro, masunci ne daga Nauta,
ya damƙe hannun kujera, gumi na tsatsafo masa.
Ya ce, 'yata, wannan girgizar fa?
Na ce, igiyar ruwa ce, baba, ta sama.
Ni da na zo da tsoro a mara
na ɓuge da riƙe hannun wani.

A saman duwatsu masu farin kai
wani abu ya tsikare ni ta hagu.
Na ƙirga. Ɗaya. Bakwai. Ashirin.
Babu amai, babu jiri.
Na tashi na taka zuwa baya na dawo,
ya lafa.
Wake ne na daren jiya, ina jin.

Da muka fara sauka
gorar ta lotsa, ta yi ƙara kaɗan,
ruwan bai ce komai ba.

Lima ta tarbe mu da hazo da sanyi.
Nélida ta rugo za ta ɗaga ni sama,
na ce, a hankali, ba ni kaɗai ba ce.
Ta zaro ido.
Na ce, ba abin da kike zato ba,
baƙo ne, an ba shi mako shida
a sake duba shi, ko ya kama gabansa.
Ta karɓi jakata.
Takardar tana nan a ƙirjina,
ta jiƙe da gumi, ba wanda ya nemi ganinta.